BABI NA UKU: Tarihin Fim ɗin Zombi, daga Gandun Rake na Haiti zuwa Titin Gidan Zu na Kano

3.0 Shimfiɗa

A babi na biyu an kawo ma'anar fim ɗin ban tsoro da rabe-rabensa. Wannan babi zai keɓe reshe guda daga cikinsu, wato fim ɗin zombi, ya bi diddiginsa tun daga inda ya tsiro har zuwa lokacin da ya iso ga mai kallo a Kano, musamman a yankin da wannan nazari ya shafa, wato Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni.

Abin da ake nufi da zombi shi ne gawa mai tafiya. Mutum ya mutu, an tabbatar ya mutu, amma gangar jikinsa ta tashi tana yawo babu hankali, babu ganin dama. Ya sha bamban da fatalwa, domin a tunanin Bahaushe fatalwa ta san wanda ta zo nema, kuma tana da dalilin dawowarta. Shi kuwa zombi jiki ne zalla, bai san uwarsa ba balle maƙwabci. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a tsawon tarihinsa zombi ya yi babban sauyin ma'ana sau ɗaya. Ya fara a matsayin bawan da ake sarrafawa domin wani ya yi arziki, daga baya ya koma hoton mai saye-sayen da ba ya ƙoshi. Ma'ana ta biyu ce ta shigo Nijeriya a cikin kaset, amma ta farkon ce ta fi kusa da irin tsoron da mutanen ƙasar nan suke da shi.

3.1 Asalinsa a Haiti

Haiti ƙasa ce a tsibiran Karebiyan wadda Faransa ta mallaka da sunan Saint-Domingue, ta cika ta da bayin da aka kwaso daga Afirka domin noman rake da gahawa. Mafi yawansu daga yankin Kwango da gaɓar Dahomey aka ɗebo su, ko da yake a cikin takardun masu gandu an samu har da waɗanda aka rubuta su a matsayin Hausawa. Bayin sun yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804. Masana da dama sun danganta kalmar zombi da kalmomin harshen Kikwango masu nufin abin bauta ko ruhun mamaci.

A imanin mutanen karkarar Haiti, akwai bokan da yake iya kama ran mutum, a binne shi, sannan ya tono shi da dare ya kai shi gona ya yi ta aiki ba albashi ba hutu. An ce ba a sa masa gishiri a abinci, domin idan ya ɗanɗana gishiri zai farga cewa shi matacce ne, ya nufi kabarinsa. Ya kamata a lura cewa a nan ba zombin ake tsoro ba, domin ba ya cutar da kowa. Abin tsoron shi ne a mayar da mutum zombi. Ga al'ummar da kakanninta suka ɗauki mutuwa a matsayin ƙofa ɗaya tak ta fita daga bauta, babu azabar da ta kai a ce ko bayan mutuwar ma ubangida yana nan yana jira da adda a hannu. Wannan tunani ba zai yi wa Bakano wuyar fahimta ba, tun da a ƙasar Kano ma an yi gandaye da rumada inda bayi suke noma, kamar na Fanisau, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya.

Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, ta kuma farfaɗo da aikin tilas domin gina hanyoyi. A cikin wannan zamani ne wani ɗan jarida Ba'amurke, William Seabrook, ya fitar da littafinsa The Magic Island a 1929, inda ya ba da labarin matattu masu aiki a gonakin raken kamfanin sukari na Amurkawa da ake kira HASCO. Daga wannan littafi kalmar ta bazu a Amurka. Shekara uku bayan haka, a 1932, aka yi fim ɗin White Zombie wanda Victor Halperin ya ba da umarni, Bela Lugosi ya fito a matsayin boka mai injin matse rake. Akwai wata fitowa a fim ɗin inda ɗaya daga cikin matattun da suke juya injin ya faɗa ciki, aka niƙe shi tare da raken, sauran kuma suka ci gaba da juyi ko waiwaye ba su yi ba. Wannan ita ce fitowar da ta fi kowacce ɗauke da ma'anar asali, duk da cewa shi fim ɗin hankalinsa ya fi karkata ga wata Baturiya da bokan ya sihirce.

3.2 George Romero da sauyin ma'ana

A ranar 1 ga Oktoba 1968 aka fara nuna Night of the Living Dead a birnin Pittsburgh. George Romero da abokansa ne suka shirya shi a kan kuɗi kimanin dala 114,000, baƙi da fari. A nan ne aka cire boka daga labarin. Matattu sun tashi da kansu, babu mai ba su umarni, kuma abin da suke nema shi ne naman masu rai. Wanda suka ciza shi ma idan ya cika zai tashi ya bi sahu. Abin sha'awa, ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar zombi a fim ɗin ba. Kalmar da aka yi amfani da ita ta samo asali ne daga Larabci, wato gul, dodon maƙabarta na labaran Larabawa da ake samu a Dare Dubu da Ɗaya. 'Yan jarida da masu kallo ne suka laƙaba musu sunan zombi, ya kuma bi su.

Jarumin fim ɗin baƙar fata ne, Duane Jones. Ya kwana yana kare kansa a wani gidan gona, ya tsira shi kaɗai, da gari ya waye 'yan sintiri farar fata suka hango shi ta taga suka harbe shi a zaton matacce ne, suka jefa gawarsa a wuta. Wannan ya zo a shekarar da aka kashe Martin Luther King, don haka masu kallo ba su buƙaci a yi musu fassara ba. Haka kuma, kuskuren da masu rarraba fim ɗin suka yi na rashin sa alamar haƙƙin mallaka ya sa ya zama na kowa, duk mai so yana iya kwafarsa ya sayar, abin da ya taimaka ƙwarai wajen yaɗuwarsa.

3.3 Matattu a cikin kanti

Fim ɗin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne na biyu, Dawn of the Dead, na 1978. An ɗauke shi a Monroeville Mall, wani katafaren rukunin kantuna da aka buɗe a 1969 a wajen Pittsburgh. Da dare ake ɗaukar bayan an tashi kasuwa, a kwashe kayan aiki kafin masu saye na gaskiya su iso da safe. Da lokacin Kirsimeti ya matso sai da aka dakata, saboda kayan adon bikin da aka rataya ko'ina.

Labarin mutum huɗu ne, 'yan sanda biyu, da matuƙin jirgi mai saukar ungulu, da budurwarsa ma'aikaciyar gidan talabijin. Suna gudun annobar sai suka sauka a kan rufin kantin, suka tarar matattu sun cika shi suna kai-komo tsakanin shaguna. Da macen ta tambayi abin da ya kawo su, sai matuƙin ya ba ta amsa da cewa sabo ne, wurin yana da muhimmanci a rayuwarsu ta da, shi ya sa ƙafa ta dawo da su. A kan wannan amsa fim ɗin gaba ɗaya ya tsaya. Mutum ya manta sunansa, ya manta iyalinsa da addininsa, amma bai manta hanyar kanti ba.

Sai dai kaifin sukar Romero ya fi sauka a kan masu ran. Bayan sun toshe ƙofofi da manyan motoci sun share matattun da suke ciki, sai kantin ya zama nasu. Suka sa tufafi masu tsada, suka ci abin da ransu yake so, suka ƙawata ɗakin da suke ɓuya kamar gidan attajiri, har suka kwashi kuɗi a bankin da ke ciki suna caca da su, alhali babu sauran inda kuɗi yake da amfani a duniya. Ba a daɗe ba gundura ta kama su, suka rasa abin da za su ce wa juna. Daga ƙarshe wasu 'yan fashi a kan babura suka fasa kantin. Da matuƙin ya yi shiru da sun kwashi abin da za su kwasa sun tafi, amma ya kasa jure ganin ana ɗibar kayan da ya riga ya ɗauka nasa ne, ya buɗe wuta, wannan kuma ya zama ajalinsa. Da ya tashi a matsayin gawa, shi ya jagoranci sauran matattun zuwa maɓoyar abokansa, domin hanyar tana nan a cikin sabonsa.

A nan ne kuma barkwanci mai ɗaci ya shiga wannan reshe na fim. Ana ganin matattu suna tuntuɓe a kan matakala mai tafiya da kanta, suna zamewa a filin ƙanƙara, 'yan fashin suna manna musu waina a fuska kamar a wasan yara, duk wannan a ƙarƙashin kiɗan nishaɗi irin wanda kantuna suke sa wa masu saye. Tom Savini, wanda ya yi kwalliyar raunuka da jini, ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga gawa ta haƙiƙa, amma jinin da aka yi amfani da shi a fim ɗin ja ne wur kamar fenti, irin na littattafan zane. A ganin mai wannan nazari, dariyar tana da aiki. Mai kallo ba zai yarda a ce da shi gawa ba, amma idan aka sa shi ya yi wa gawar dariya, yana cikin dariyar zai lura tafiyarta irin tasa ce ranar da ya ɗauki albashi. Wannan dabara ce da Bahaushe ya sani a habaici da gatse, inda ake faɗar magana mai zafi ta hanyar da wanda aka yi dominsa ba shi da bakin yin fushi.

Fina-finan da suka biyo baya sun faɗaɗa ɓangaren dariyar. The Return of the Living Dead na 1985 shi ya kawo matattu masu neman ƙwaƙwalwa, Shaun of the Dead na Ingila kuma, a 2004, ya nuna ma'aikacin shagon kayan lantarki da ya fita sayayya da safe ya dawo bai lura unguwarsu ta cika da gawawwaki masu tafiya ba, saboda ba su bambanta da yadda ya saba ganin maƙwabtansa ba.

3.4 Yadda ya iso Kano

Tun farkon zuwan sinima Kano akwai tsoro a tattare da ita. Ɗaya daga cikin sunayen da aka fara kiran ta da shi shi ne dodon bango. An buɗe Rex a 1937, a 1951 kuma aka buɗe Palace a cikin birni duk da adawar malamai. A ranar 13 ga Mayu na wannan shekarar gobarar sinimar El Duniya ta halaka mutum 331, jama'a da yawa suka ɗauke ta a matsayin fushin Allah. Brian Larkin ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008. Daga baya sinimomi suka ƙaru, har aka samu Marhaba a yankin Farm Centre, wadda ita ce ta fi kusa da mutanen Tarauni. Amma abin da ya mamaye waɗannan gidaje shi ne fina-finan Indiya, sai na faɗan Sin da na Amurka.

Kaset ɗin bidiyo ne ya buɗe wa fim ɗin ban tsoro ƙofa sosai a shekarun 1980. Ana shigo da kwafi ɗaya, a buga ɗaruruwa, a rarraba daga kasuwanni irin su Ƙofar Wambai zuwa shagunan haya da gidajen kallo na unguwanni. Sau da yawa hoton ya dushe saboda yawan kwafa, maganar ma ba a ji sosai, balle a fahimci Turancin. Wannan yana da tasiri ga ma'ana. Abin da yake tsallakewa cikin irin wannan kaset shi ne abin da ido yake gani, wato jini da gudu da cizo. Sukar da Romero ya yi wa masu saye-saye kuwa tana buƙatar mai kallon ya san irin wannan kanti, ya taɓa yawo a cikinsa da kuɗi a aljihu. A Kano ta wancan lokaci babu shi. Bugu da ƙari, zamanin ya zo daidai da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, kayan masarufi suka fi ƙarfin ma'aikaci. Fim ɗin da yake yi wa mutane ba'a don kaya sun yi musu yawa ba zai samu wurin zama ba a zuciyar wanda yake lissafin kwanon shinkafa. Hoton matattu masu tashi da ya fi yaɗuwa a duniya a lokacin ma, na bidiyon waƙar Thriller ta Michael Jackson ne na 1983, inda gawawwakin suke rawa.

Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kafu, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, soyayya da rikicin gidan aure ya sa gaba. Inda ya taɓa ban tsoro, aljanu da mayu da bokaye ya ɗauko. Gawa mai tafiya ba ta samu gurbi ba, kuma dalilin a bayyane yake. A wurin Musulmi gawa tana da alfarma, ana yi mata wanka, a sa ta a likkafani, a sallace ta, a binne ta galibi a ranar da aka rasu, kuma babu tashi sai ranar ƙiyama. Ba wai Bahaushe bai san raha a wajen mutuwa ba ne, domin idan tsoho ya cika da shekaru jikoki sukan yi ta barkwancinsu na wasan jika da kaka. Amma wannan raha da dangantaka ake yin ta, ba a yin ta da jikin mamaci. Daɗin daɗawa, bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 an dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, wadda dole kowane fim ya bi ta hannunta.

3.5 Kuɗin tsafi

Idan ana neman ɗan'uwan zombin Haiti a Nijeriya, a labaran kuɗin tsafi za a same shi. Living in Bondage na 1992, wanda Kenneth Nnebue ya shirya cikin harshen Ibo, labarin Andy ne da ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri domin ya yi kuɗi. Ya samu motoci da gida da tufafi, amma fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace. Kyamarar takan daɗe a kan kayan alatun kamar talla, sannan ta nuna abin da aka biya aka same su. Shekara huɗu bayan haka, a watan Satumba na 1996, labarin ya fito daga cikin kaset ya hau titi, lokacin da aka kama wani ma'aikacin otal ɗin Otokoto a Owerri da kan wani yaro mai tallar gyaɗa. Jama'ar gari suka yi bore, suka ƙona otal-otal da manyan shaguna da gidajen sababbin masu kuɗin da ake zargi.

A ƙasar Hausa ma tunanin yana nan. Maye yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa yana raye. Wanda ya yi arzikin dare ɗaya ba a san sana'arsa ba, akan ji ana raɗe-raɗin ya ba da ɗa ko ƙane, ko yana da ɗakin da ba mai shiga. Peter Geschiere ya rubuta irin wannan game da Kamaru, inda ake cewa attajirai suna tura mutanen da suka kashe su yi musu aiki a gonakin ɓoye a kan dutsen Kupe. A duk waɗannan, tambayar da ake yi ita ce jinin wa aka zuba aka samu dukiyar, wato dai tambayar da manomin Haiti yake yi idan ya ga gandun da ba a san ma'aikatansa ba.

Ko da aka zo aka yi fim ɗin zombi sosai a Nijeriya, wato Ojuju na C. J. Obasi a 2014, ba a kanti aka kafa shi ba. A wata unguwar talakawa ta Legas aka kafa shi, mai hanyar shiga ɗaya, inda gurɓataccen ruwan sha ya mayar da mutane dodanni. Obasi ya sa wa jaruminsa suna Romero domin girmamawa, amma rashi ne ya tayar da matattunsa, ba yalwa ba.

3.6 Kanti a Titin Gidan Zu

Irin ginin da Romero ya yi fim a cikinsa bai iso Kano ba sai bayan shekara 36. A watan Maris na 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a Titin Gidan Zu, tafiyar 'yan mintoci daga Gyaɗi-Gyaɗi, kuma a kan titin da ofisoshin masu shirya fim ɗin Hausa suka fi yawa. A lokacin Shoprite ne babban ɗan haya, har sunansa ya rinjayi na ginin a bakin jama'a. A 2015 kamfanin Filmhouse ya buɗe sinima a ciki. A ranakun sallah wurin yakan cika maƙil da matasa da yara cikin sababbin kaya, da yawansu yawon buɗe ido da ɗaukar hoto ya kawo su, su zagaya tsakanin kantoci, su sha sanyin na'ura, su fita da ledar burodi ko ma hannu wofi. Mai kallon Dawn of the Dead zai iya cewa ga hoton nan ya bayyana, amma kamar ta waje ce kawai. Matattun Monroeville sun dawo ne wurin da suka ƙare rayuwarsu suna saye. Yaron da ya taso daga Ƙauyen Alu ko Unguwa Uku ranar sallah ya je ne ya ga abin da ake labari, cefanen gidansu kuwa yana nan a kasuwar Tarauni da shagon bakin layi, inda ake ciniki a kuma ba da bashi.

A watan Janairu na 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano, yana mai kafa hujja da yanayin kasuwanci, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur da sake faɗuwar naira a 2023. Bai cika shekara goma a garin ba.